Wa Ya Ci, Wa Ke Biya? Labarin Gwagwarmayar Yafe Bashin Ƙasashe Matalauta

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da wuya a sami magidanci a cikinmu da bai taɓa rantar kuɗin taki ko na makarantar yara ba, kuma tun muna ƙanana aka hore mu cewa wanda ya ci bashi ya biya, domin mutuncin mutum yana rataye da cika alkawarinsa. To, amma akwai wani irin bashi da mai biyansa bai san ranar da aka ci shi ba, bai sa hannu a takarda ba, bai kuma ga ko kwabo daga ciki ba. Jaririn da aka haifa jiya a Kafanchan, ko Maraɗi, ko Kumasi, ya iso duniya ana binsa irin wannan bashi, zai kuwa biya shi ta hanyar asibitin da babu magani da ajin da babu malami.

Muna maganar bashin da ƙasashen waje da manyan bankuna ke bin ƙasashe matalauta. Shekaru da dama an ɗauki wannan batu a matsayin sha'anin ministocin kuɗi da masanan tattalin arziki, wanda talaka ba shi da ta cewa a ciki. A shekarun 1990 wasu mutane, yawancinsu daga ikkilisiyoyi, suka ƙi yarda da haka. Suka ce wannan magana ce ta haƙƙin ɗan Adam, suka tilasta wa manyan ƙasashen duniya sauya manufofinsu. Ya kamata mu san abin da suka yi, da abin da aka samu, da dalilin da ya sa ramin da aka fito daga ciki ya sake buɗe baki.

Yadda aka haƙa ramin

A 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo. Ƙasashe masu mai suka tara kuɗi fiye da yadda za su iya kashewa, suka zuba su a bankunan Amurka da Turai. Su kuma bankuna ba sa barin kuɗi ya kwana, don haka suka aika wakilansu Afirka da Kudancin Amurka suna tallan rance da kuɗin ruwa kaɗan. Gwamnatoci suka yi ta karɓa. Nijeriya ma ta karɓi babban rancenta na farko daga bankunan waje a 1978, dala miliyan dubu 1.

Galibin wannan rance an ba da shi ne bisa sharaɗin cewa kuɗin ruwa zai riƙa hawa da sauka daidai da na kasuwa. Daga 1979 babban bankin Amurka, a ƙarƙashin Paul Volcker, ya shiga ɗaga kuɗin ruwa don ya kashe hauhawar farashi a cikin gida, har ya kai kusan kashi 20 cikin 100. A daidai wannan lokaci farashin koko da auduga da gyaɗa da tagulla ya faɗi, daga baya na mai ya bi sahu. Wato abin biya ya ninku, abin da ake biya da shi kuwa ya ragu. A watan Agusta na 1982 ƙasar Meziko ta sanar cewa ba za ta iya biya ba, wasu da dama suka biyo ta.

Maganin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka kawo shi ne sabon rance don a biya tsoho, tare da sharuɗɗa: a karya darajar kuɗi, a janye tallafi, a rage ma'aikata, a sayar da kamfanonin gwamnati, a sa kuɗi a asibiti da makaranta. Manyanmu ba su manta da shirin nan na SAP da gwamnatin Janar Babangida ta soma a 1986 ba. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, amma kafin ƙarshen 1993 sai an ba da wajen naira 22 a farashin gwamnati. A watan Mayu na 1989 ɗalibai da talakawa suka fito zanga-zanga a birane, aka rasa rayuka. Asibitocin mishan da na gwamnati duk sun ga iyaye suna juyawa da yara marasa lafiya saboda ba su da kuɗin kati.

Shugabannin Afirka ba duka suka yi shiru ba. Julius Nyerere na Tanzaniya ya tambayi duniya ko wajibi ne ƙasarsa ta bar 'ya'yanta da yunwa don ta biya bashi. A watan Yuli na 1987 Thomas Sankara na Burkina Faso ya roƙi takwarorinsa a taron Addis Ababa su haɗa kai su ƙi biya, yana mai cewa in ƙasarsa kaɗai ta ƙi, ba za a gan shi a taro na gaba ba. An kashe shi ranar 15 ga Oktoba na wannan shekara. A 1987 ɗin ne kuma hukumar UNICEF ta fitar da binciken da ya nuna yadda waɗannan sharuɗɗa ke cutar da lafiyar yara da karatunsu.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Wani zai ce ai shugabanninmu ne suka karɓi kuɗin suka wawure, laifin wa? Gaskiya ne an yi sata, kuma ba za mu wanke ɓarawo ba. Sai dai mai ba da rance shi ma yana da tambayar da zai amsa. Mu ɗauki ƙasar Zayar ta Mobutu Sese Seko, wanda ya yi mulki daga 1965 zuwa 1997. A 1978 Asusun Ba da Lamuni ya tura wani Bajamushe, Erwin Blumenthal, ya sa ido a babban bankin ƙasar. Rahoton da ya rubuta a 1982 ya faɗa ƙarara cewa masu bin Zayar bashi kada su sa ran ganin kuɗinsu, saboda yadda ake kwashe baitulmali. Duk da haka aka ci gaba da ba Mobutu rance, domin a zamanin Yaƙin Cacar Baki shi abokin ƙasashen Yamma ne. Ya bar wa mutanen Kwango bashin fiye da dala miliyan dubu 12. Ashe mutanen da ya danne su ne aka ce su biya kuɗin sandar da aka doke su da ita.

Masana shari'a suna da suna ga irin wannan, suna kiransa ƙazamin bashi. Wani masani mai suna Alexander Sack ya bayyana shi a 1927: in mai mulkin danniya ya ci bashi ba don amfanin jama'a ba, mai bayarwa kuma ya sani, to bashin na mai mulkin ne, bai hau kan al'umma ba. Amurka da kanta ta kawo hujja mai kama da wannan bayan yaƙinta da Sifen a 1898, ta ƙi yarda a ɗora wa Kuba bashin da masu mulkin mallaka suka ci da sunanta.

Haka kuma yafe bashi ba sabon abu ba ne a wurin manyan ƙasashe in suna da bukata. A yarjejeniyar Landan ta watan Fabrairu 1953, shekara takwas kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an yafe wa Jamus ta Yamma wajen rabin bashin da ake binta, aka sassauta mata biyan sauran don kada ya karya tattalin arzikinta. Cikin waɗanda suka sa hannu har da Girka da Pakistan, ƙasashen da ba su da wani arzikin a zo a gani. A watan Nuwamba na 2004 kuma ƙungiyar ƙasashe masu ba da rance ta Paris Club ta amince ta yafe wa Iraƙi kashi 80 cikin 100, domin Amurka ta matsa. Wannan ya nuna mana cewa sau da yawa siyasa ce ke yanke wanda za a yi wa sassauci da wanda za a matse.

Daga majami'a zuwa titi

Mutumin da ya fara haɗa wannan matsala da shekara ta 2000 ya san ƙasarmu. Martin Dent ya yi aikin Di'o a ƙasar Tiv a shekarun 1950, kafin ya koma koyar da ilmin siyasa a Jami'ar Keele ta Ingila. A farkon shekarun 1990, shi da ɗalibansa, daga baya tare da wani tsohon jakada mai suna Bill Peters, suka ɗauko koyarwar Littafin Firistoci sura 25 game da shekara ta hamsin, wadda a cikinta ake 'yanta bayi a mayar wa kowa gonar gadonsa, da ta Maimaitawar Shari'a sura 15 game da yafe basussuka a shekara ta bakwai. Hikimar wannan doka ita ce kada tsautsayin da ya sami uba ya zama ɗaurin rai da rai ga 'ya'ya da jikoki. Suka ce to, a shiga sabon ƙarni da yafe wa ƙasashe matalauta bashin da ba za su taɓa iya biya ba. Aka sa wa yunƙurin suna Jubili 2000, aka ƙaddamar da shi a 1996, wata mata mai suna Ann Pettifor ta jagorance shi.

Kiran ya dace da abin da shugabannin ikkilisiya ke faɗa. A 1994 Paparoma John Paul na Biyu ya yi kira a rage bashin ƙwarai ko a yafe shi ɗungum. A watan Afrilu na 1998 wakilai daga sassan Afirka suka hallara a Accra suka kafa reshen nahiyar. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth a 1998 ya sa bashi cikin manyan batutuwansa, inda Akbishop Njongonkulu Ndungane na Cape Town ya tsaya kai da fata, haka ma babban taron Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya da aka yi a Harare a ƙarshen wannan shekara. Musulmi da Yahudawa da ƙungiyoyin ƙwadago da waɗanda ba su da addini duk suka shigo, domin zalunci ba ya tambayar inda mutum ke sujada.

Ranar 16 ga Mayu 1998, sa'ad da shugabannin ƙasashe takwas mafiya ƙarfi suka zo taro a Birmingham, mutane wajen 70,000 suka riƙe hannun juna suka kewaye tsakiyar birnin. Da yawansu talakawan masu bi ne, tsofaffi da mata da matasa da suka yi hayar motoci daga majami'unsu. An riga an kai shugabannin wani gida a bayan gari, amma Firayim Minista Tony Blair ya dawo cikin birni ya gana da shugabannin masu zanga-zangar. A watan Yuni na 1999, a taron Cologne na Jamus, aka yi alkawarin yafe bashin da ya kai dala miliyan dubu 100. Takardar koken da aka zagaya da ita duniya ta sami sa hannun mutane fiye da miliyan 24, waɗanda ba su iya rubutu ba suka dangwala yatsa.

A Amurka ma abin mamaki ya faru. Wani ɗan majalisa mai ra'ayin riƙau daga jihar Alabama, Spencer Bachus, wanda ba a san shi da goyon bayan taimakon ƙasashen waje ba, ya zama na gaba wajen kare yafe bashi bayan wasu masu bi daga mazaɓarsa sun je sun yi masa bayani. A 2000 majalisar ƙasar ta ware dala miliyan 435 don wannan aiki.

Abin da aka samu

Tun 1996 Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni suka fito da shirin rage bashi ga matalautan ƙasashe da bashi ya yi wa katutu, amma sharuɗɗansa sun yi tsauri, tafiyarsa kuma ta hawainiya ce. Matsin lambar Jubili ya sa aka faɗaɗa shi a 1999. Sa'an nan a taron Gleneagles na watan Yuli 2005 aka amince a shafe bashin da Asusun da Bankin Duniya da Asusun Raya Afirka ke bin ƙasashen da suka kammala shirin, aka fara da ƙasashe 18. Nijar da Gana, waɗanda suka kammala a 2004, suna cikinsu. Kamaru ta kammala a 2006, Chadi a 2015, Somaliya a 2023. Sudan ta taka matakin farko a watan Yuni 2021, juyin mulkin Oktoba na wannan shekara ya tsayar da kome. A jimlace ƙasashe 37 suka kammala, bashin da aka yafe kuwa ya haura dala miliyan dubu 100.

Masu suka sun yi ta cewa duk abin da aka yafe aljihun manya zai shiga. An sami ɓarna a wasu wurare, amma akwai abin da ido ya gani. Yuganda ta buɗe asusu na musamman a 1998 don kuɗin da aka rage mata su tafi makarantu da asibitoci da ruwan sha. Tanzaniya ta soke kuɗin makarantar firamare a 2001, yaran da ke zaune a gida suka cika azuzuwa. Zambiya ta soke kuɗin asibiti a yankunan karkara a 2006. Yarinyar da ta shiga aji ɗaya a ƙauyen Tanzaniya a waccan shekara ba ta san tsohuwar da ta tsaya a titin Birmingham ba, amma hannun tsohuwar na cikin karatunta.

Rabon Nijeriya

Nijeriya ba ta ci moriyar wancan shiri ba, domin an ce ƙasa ce mai arzikin mai. A ƙarshen 2004 ƙasashen Paris Club na binta wajen dala miliyan dubu 30, Birtaniya ce ke kan gaba, kuma kaso mai yawa na wannan kuɗi tara ce da kuɗin ruwa da suka taru a zamanin mulkin soja sa'ad da aka daina biya. Shugaba Olusegun Obasanjo ya sha faɗa cewa ƙasar ta riga ta biya ninkin abin da ta ranta, amma bashin sai ƙaruwa yake yi. A 2000 aka kafa Ofishin Kula da Basussuka don a san takamaimai nawa ake binmu, domin kafin nan alƙaluman ma a warwatse suke. A watan Maris na 2005 Majalisar Wakilai ta yi kira a daina biya gaba ɗaya, abin da ya ƙara wa masu tattaunawa ƙarfi.

A watan Oktoba na 2005, ƙarƙashin ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, aka ƙulla yarjejeniya: a yafe dala miliyan dubu 18, Nijeriya ta biya miliyan dubu 12 da miliyan 400. An kammala biya a watan Afrilu 2006. Wasu sun yi murna, wasu kuma, har da masu fafutuka a Turai, sun ce abin kunya ne ƙasashe masu arziki su karɓi irin wannan kuɗi a dunƙule daga ƙasar da mata ke mutuwa wurin haihuwa. An yi alkawarin cewa wajen dala miliyan dubu 1 da ake biya kowace shekara za a karkata su ga yaƙi da talauci, aka damƙa lura da su ga ofishin Hajiya Amina Mohammed, wadda daga baya, a 2017, ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga wannan kuɗi aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka gina ƙananan asibitoci, aka kuma ɗauki nauyin shirin tura ungozomomi karkara da aka soma a 2009.

Tsugune ba ta ƙare ba

Da aka share allon, sai aka sake rubutu a kai. Gana ta sayar da takardun lamuni na dala miliyan 750 a kasuwar duniya a 2007, Nijeriya ta bi a 2011, Zambiya a 2012. Wannan sabon rance na 'yan kasuwa ne, kuɗin ruwansa ya fi na da tsada, wa'adinsa kuma gajere. Ƙasar Sin ita ma ta zama babbar mai ba da rance don hanyoyi da jiragen ƙasa da madatsun ruwa. Da annobar korona ta zo a 2020, kuɗin ruwa kuma ya sake hawa a Amurka a 2022, sai tarihi ya maimaita kansa. Zambiya ta kasa biya a watan Nuwamba 2020, Gana a Disamba 2022, Habasha a Disamba 2023.

A Gana, sa'ad da gwamnati ta taɓa kuɗin da 'yan ƙasa suka ba ta rance, 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a watan Fabrairu 2023, cikinsu har da tsohuwar Babbar Jojin ƙasar, Sophia Akuffo. A Kenya matasa suka kutsa majalisa ranar 25 ga Yuni 2024 saboda sababbin haraji da aka shirya don cike giɓin bashi, aka kashe mutane da dama kafin a janye dokar. Chadi ta jinginar da manta ga kamfanin Glencore a 2013 da 2014, ta shafe shekaru tana biya da ɗanyen mai. Bashin wajen Nijeriya, wanda ya sauko ƙasa da dala miliyan dubu 4 a 2006, ya haura miliyan dubu 40 a 2022, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a wannan shekara biyan bashi ya cinye wajen kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A 2024 hukumar ciniki da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutane miliyan dubu 3 da miliyan 300 suna zaune a ƙasashen da ke kashe wa kuɗin ruwa fiye da abin da suke kashe wa ilmi ko lafiya.

Me ya sa aka koma gidan jiya? Domin an yafe bashi amma ba a taɓa dokokin cin bashi da ba da shi ba. In ɗan kasuwa ya karye, akwai kotun da za ta raba abin da ya rage tsakanin masu binsa ta bar shi ya sake tashi. Ƙasa ba ta da irin wannan kotu, masu binta su ne alƙalai. A watan Satumba na 2015 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idojin sake tsara bashin ƙasashe, 136 suka goyi baya, 6 suka ƙi: Amurka, Birtaniya, Jamus, Japan, Kanada da Isra'ila. A Asusun Ba da Lamuni, Amurka na da fiye da kashi 16 na ƙuri'u, manyan shawarwari kuwa sai da kashi 85, wato ita kaɗai tana iya hana abu wucewa.

Akwai kuma kamfanonin da ake yi wa laƙabi da ungulu. Wani mai suna Donegal International ya sayi tsohon bashin da Romaniya ke bin Zambiya a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 4 ba a 1999, ya kai ƙara kotun Landan yana neman miliyan 55, a 2007 aka ba shi wajen miliyan 15. A Mozambik kuwa, jami'an gwamnati da ma'aikatan bankunan waje, ciki har da Credit Suisse, suka ƙulla rancen wajen dala miliyan dubu 2 a 2013 da 2014, mafi yawansa a ɓoye ba da sanin majalisa ba. Da asiri ya tonu a 2016 darajar kuɗin ƙasar ta rushe. A 2024 wata kotu a New York ta sami tsohon ministan kuɗi Manuel Chang da laifi.

Abin da ake nema yanzu

Masu fafutukar yau suna neman abubuwa da kowa zai iya fahimta. Na farko, a kafa hanyar sasanta bashin ƙasashe a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, inda mai bin bashi ba zai zama alƙali ba. Na biyu, tun da yake yawancin takardun lamuni a ƙarƙashin dokar Ingila ko ta New York aka rubuta su, a yi doka a waɗannan wurare biyu da za ta hana ɗan kasuwa ƙin shiga sassaucin da sauran suka amince da shi. Birtaniya ta taɓa yin irin wannan doka a 2010 game da tsofaffin basussuka, saboda haka abu ne mai yiwuwa. Na uku, duk rancen da gwamnati za ta karɓa a buga sharuɗɗansa kowa ya gani, majalisa kuma ta amince. Na huɗu, mai ba da rance ya ɗauki rabonsa na laifi. Ƙasar Norway ta nuna misali a 2006, sa'ad da ta yafe wa ƙasashe biyar, ciki har da Saliyo da Masar, bashin wajen dala miliyan 80 na jiragen ruwa, ta amsa da bakinta cewa ta ba da rancen ne don ta ceci masana'antarta. Marigayi Paparoma Francis ya sabunta kiran yafe bashi a shelar shekarar Jubili ta 2025.

Tushen wannan duka shi ne cewa lafiya da ilmi haƙƙi ne. Haka Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummai, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, ta tanada. A Abuja, a watan Afrilu 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, 'yan kaɗan ne suka taɓa cikawa. Gwamnatin da ta biya mai binta bashi ta bar asibiti ba magani ta karya wani alkawari ne don ta cika wani, kuma wanda aka karya wa alkawarin shi ne wanda ba shi da lauya a Landan.

Namu aikin

'Yan'uwa, ba ma cewa kowane rance haram ne. Manomi na iya rantar kuɗin garma ya biya da amfanin gona, ƙasa ma haka. Tambayar ita ce an ranta don me, a kan wane sharaɗi, wa kuma ya ga inda kuɗin ya shiga. A littafin Nehemiya sura 5 mun ga talakawa sun jinginar da gonakinsu da 'ya'yansu don su biya harajin sarki, masu matsa musu kuwa manyan cikin gida ne. Nehemiya ya tara jama'a ya tuhumi manyan a bainar kowa, ya fara da yafe abin da shi da mutanen gidansa ke bi. Kuɗin da aka dawo da su daga asusun Janar Abacha a Suwizalan da tsibirin Jersey sun isa su tuna mana cewa akwai mai sata a gida, akwai mai ajiye masa a waje, dukansu kuma sai an kira su da sunansu.

Ofishin Kula da Basussuka yana buga adadin bashin da ake bin tarayya da kowace jiha. Mu nawa ne a cikinmu suka taɓa duba na jiharsu? Majalisun jihohi suna amincewa da rance, wani lokaci a zama ɗaya. Zumuntar Mata da ta matasa da majalisun dattawa suna iya rubuta wa ɗan majalisarsu su tambaye shi rance nawa ya ɗaga wa hannu, da inda aikin yake. Ma'ajin majami'a da ke karanta rahoton baiko a gaban jama'a kowace shekara ya riga ya san cewa kuɗin jama'a da lissafi suke tafiya. Abin da muke nema daga ma'ajinmu shi ne za mu nema daga kwamishinan kuɗi, tare da maƙwabtanmu Musulmi, domin layinmu ɗaya a asibiti.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda suka sa hannu a takardar Jubili ba ministoci ba ne, amma sun sa ministoci sun sauya magana. Aikin da suka bari shi ne a sa ido tun ranar karɓar rance, kafin a kai ranar kuka. Allah ya ba shugabanninmu tsoronsa, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin tambaya.